Kuɗin filin Baba

Shekarun da na yi ina aikin banki a Yamai ba su tafi a banza ba. Da muka zo Amurka muka zauna a Springfield, ba a jima ba labari ya bazu cewa akwai 'yar Damagaram mai juya takardun kuɗi daga Faransanci zuwa Ingilishi, ta sa hannu a ƙasa cewa abin da takarda ta faɗa ke nan. A teburin cin abinci nake aikin, in ture kwanonin yara gefe. Ba yabon kai ba, na iya. Kalmar da Bafaranshe ke faɗa in kuɗi sun bi ta banki, da wadda yake faɗa in an miƙa su hannu da hannu, da ta kuɗin ƙasashen waje, duk na san mazauninsu kamar yadda na san ƙofar ɗakina.

Wata Asabar bayan azahar Baba ya zo. Aminin mahaifina ne, a gabansa aka raɗa mini suna. Ya daɗe yana tuƙa tasi a Washington, yana zaman gidan haya a Lanham, har furfura ta cim masa a gidan wani. Yanzu ya ga gida a Woodbridge, ya sayar da filinsa na Yamai don ya ba da kafin alƙalami, banki ya ranta masa sauran. Lokacin kuwa kasuwar gidaje ba ta daɗe da rushewa ba, bankuna sai sun ji asalin kowace dala.

Muka gaisa, na kawo ruwa, ya miƙo takardar cinikin filin. A cikinta an rubuta an biya en espèces, wato tsabar kuɗi. Mai sayen ɗan kasuwar albasa ne, ya zo da kuɗinsa a jaka, ya miƙa wa ƙanen Baba a gaban mai unguwa da shaidu. Haka ake sayar da fili a gida tun kafin a haife ni.

"Ɗiyata," in ji Baba, "inda suka ce espèces ɗin nan, ki juya shi kamar virement aka rubuta, wato kuɗin sun bi ta banki. Mutanen bankin wire transfer suke son gani, sun ce cash ba shi da sawu. Wa zai karanta Faransanci a cikinsu?"

"Baba, ai ni na karanta."

"Kuɗin sata ne?"

"Wallahi guminku ne, na sani."

"To mene ne na gardama? Kalma ɗaya ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da shi ba, da ƙa'idar da ke tuhumar halal ɗin dattijo don kawai bai bi ta na'ura ba. Amma na san aikina. In na rubuta kuɗin sun bi ta banki, gobe za su nemi shaidar bankin da ya aiko, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga sa hannuna a ƙasa, wanda shi kaɗai na mallaka a ƙasar nan. Na ce ya yi haƙuri. Na rubuta cash, na ƙara bayani a ƙasa da Ingilishi mai kyau kan yadda ake cinikin fili a Nijar, da matsayin mai unguwa da shaidu. Ban taɓa rubuta bayanin da ya kai wannan tsari ba.

Bankin bai karɓa ba. Suka ce sai kuɗin sun yi watanni a asusunsa kafin a duba. Mai gidan bai jira ba, ya sayar wa wani.

Matar Baba ta daina kirana. A wani taron suna a Lanham na durƙusa na gaishe shi, ya ce "lafiya" yana kallon bango. Na yi kuka a mota har gida. Ban yi da-na-sani ba, ko yau aka maimaita haka zan yi, amma na ji zafi, don mutumin nan shi ne uban da ya rage mini a nan.

An kwana biyu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Maraɗi ta zo da takardun bankinta. Na tambaye ta wa ya turo ta.

"Wani dattijo mai tasi," ta ce. "Ya ce ke kika hana shi gida. Ya ce in ina son takardata ta tsaya a gaban kowa, kar in kai wa wani sai ke."

"Ya ce ki gaishe ni?"

Ta ɗan yi tunani. "A'a, bai ce ba."

Na jawo mata kujera, na ce ta miƙo takardun.