Ranar da Inna Ta So Zuba wa Faladiyom Shayi

Ko tsufa ya ci hankalina, ba na jin zan manta abin da ya faru tsakanina da Inna a kan wata kwalba, shekarar da nake digiri na biyu a kimiyyar sinadarai.

Aikina a kan faladiyom ne, wani ƙarfe mai wuyar samu. In an narkar da shi a ruwan asid mai kilorin, sai kilorin ya kewaye shi, ruwan ya yi ja kamar shayi. Ni kuma na haɗa wasu ƙwayoyin jel farare daga ɓawon jatan lande, ina son ganin ko za su zuƙe shi daga ruwan. Na gwada na sake gwadawa, shiru. Malamina ya miƙo min ragowar faladiyom ɗin ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. In ya lalace, sai ki canza aiki daga farko."

Ina zuba sabbin ƙwayoyi ke nan aka shiga yajin aiki, aka kulle ɗakin gwaji da injin girgiza a ciki. Na liƙe murfin kwalbar da salatif, na taho da ita gida Daura.

Matsalar ita ce dole a yi ta girgiza ta. Kafin la'asar kafaɗata ta sage. Inna, wadda a rugar su ta wajen Baure ta tashi, ta dube ni ta taɓe baki.

"Ke da Allah kawo nan. Haka ake kaɗa nono? Ko man cokali ɗaya ba za ki fitar ba."

Na ce mata kada ta buɗe, ruwan ciki yana ƙona jiki. Iyakar bayanin da na yi mata ke nan. Ta ɗora kwalbar a cinya kamar gora, tana kaɗawa tana sauraron rediyo. Haka muka yi kwanaki muna karɓa-karɓa.

Wata ranar kasuwa na fita sayen cefane. Da na dawo na tarar da ita a bayan rumbu, ga kofin shayi ba madara a gefe, tana kokawa da salatif da wuƙa. Na yar da cefanen na ruga wurinta.

"Inna! Me za ki yi?"

Ta ɗago, idonta ya cika da hawaye. "Na ɓata miki, 'yar nan. Na kaɗa da yawa, launin ya gudu. Na ce bari in mayar kafin ki gani."

Na fizge kwalbar na ɗaga ta a rana. Ruwan ya yi garau kamar na randa, ƙwayoyin kuwa sun rine jawur. Faladiyom ya bar ruwa ya manne a jikinsu. Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan. Na zauna daɓas a ƙasa, ina dariya ina kuka.

"To haukar ta mece ce kuma?"

Na yi mata bayani. Sai ta ce, "Au, man ne ya fita ya bar tsala. Da kin faɗa min tun farko, ai da guɗa zan tare ki." Ta ɗauki shayin ta shanye abinta.

Yanzu ni ma ina koyarwa. Duk wanda zan ba aiki, sai na fara gaya masa yadda nasara take kama, don na ga mai ƙaunata ta kusa rusa min ita da kofin shayi.