Malamin da Ba Ya Ba da Amsa

Katanga ɗaya ce tsakanina da malamin kimiyyar sakandaren unguwarmu. Ni kafinta ne, aji huɗu na yi na gudu, don haka duk abin da na faɗa a kansa da ido na gani.

Shekara ashirin yana koyarwa, ban taɓa jin ya ba ɗalibi amsa ba. Sai ya zube wa 'yan aji batir da waya da ƙwan fitila a tebur, ya koma gefe ya naɗe hannu. In sun ce, "Malam, ta ina za mu haɗa?" sai ya ce, "Ku gwada ku gani." Wai abin da yaro ya gano da hannunsa ba ya mantawa. Na ce masa, "Malam, ashe da na san haka ake malanta da tuni na ajiye zarto."

Tun rasuwar matarsa daga shi sai 'yarsa Auta. Da ta sami aikin jinya a gari mai nisa, ina aikin ƙofarsu na ji ta ce, "Baba, in tafi ko in zauna?" Mutumin da ko shayi ba ya iya sha shi kaɗai, sai ya ce, "Ki gwada ki gani."

Ta gwada. Shekara uku ke nan.

Tagarsa cike take da kwalabe, wake na tsiro a ciki, wasu a rana wasu a inuwa. Da su yake hira da yamma. Ina jin sa ta katanga.

Watan jiya Auta ta zo kwana biyu. Asibitin nan kusa na neman ma'aikata, ta faɗa masa har sau biyu tana kallon fuskarsa. Na ja shi gefe na ce, "Malam, wannan fa ba 'yar aji ba ce. Buɗe baki ka ce ta dawo."

"Ita za ta gano da kanta," in ji shi.

Da safe ya raka ta tasha, ya ɗauko mata jaka, ya ce ta kula da kanta. Ya dawo ya zauna a bencin shagona har azahar. Na shirya masa tsiya kala uku, ban yi ko ɗaya ba. Da zai tashi ya ce in tara masa tsofaffin ƙusoshi, ranar Litinin 'yan aji biyar za su binciki tsatsa.