Ni Na Zaɓi Kular, Wani Ya Kai Ta

Malam Edita, masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke rusa ɗan Adam. Wasu sun ce mulki, wasu sun ce dukiya, wasu sun ce son zuciya. Na yi rayuwata a gaban allo, na karanta abin da ya sawwaƙa, kuma ina shaida cewa akwai na huɗu da littattafai suka manta da shi, wato akwatin ajiye ƙanƙara, kula, wadda mu a nan Sudan muke ce wa haffaza. A shekarun farko na mulkin soja ni saurayi ne, malamin Larabci a wata firamare a Umbadda, jikan waɗanda suka tsinci auduga a Jazira har bayansu ya lanƙwashe. Abin da na mallaka shi ne riga biyu masu guga, da keke, da ƙamus mai juzu'i shida, da wani zato game da kaina wanda ya fi su nauyi gaba ɗaya.

A layinmu akwai wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Suk al-Shabi, yana da 'ya da ta gama karatun jinya ta kama aiki. Ita nake so in aura. Mota ɗaya muke shiga da safe, in gaishe ta, ta amsa, ni kuma in wuni ina yi wa amsar sharhi kamar baitin waƙa mai wuya. Dattijon nan, bayan salla, ba abin da yake so kamar fita. Ran Juma'a ya shiga kwale-kwale a Jabal Auliya neman kifi, bayan Babbar Salla kuma shi da abokansa su yi kwana uku a dajin yamma da Omdurman suna bin barewa da zabi. Da azumi, in mun shimfiɗa tabarmi a bakin layi kowane gida ya fito da tirensa, kukansa ɗaya ne kullum: ƙanƙarar da yake naɗewa a buhu da garin katako ba ta ganin la'asar, nama ya soma wari tun ba a iso gida ba. Kowa ya ji sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni da na ji, sai na ga ƙofa.

Wata biyu na yi ina zaɓe. Na bi shagunan masu kawo kaya daga Jidda, na bi masu sayar da kwancen da Turawa ke bari in za su koma gida. Na koyi cewa kula ba a launi take ba, a kaurin jiki take, in ka ƙwanƙwasa ta yi amon ganga to iska aka sayar maka. Na koyi kunna tocila a ciki in rufe murfi, in lulluɓa rawanina a kai in duba ko haske na tsiyaya ta gefen roba. Na nemi mai ƙofar tsiyaye ruwa a ƙasa, mai hannun igiya, mai murfin da dattijo zai zauna a kai a cikin jirgi. Uwa uba, da rular aji nake yawo, domin yawancin na waje an yi su ne don gutsattsarin ƙanƙara, mu kuwa sanda guda ake saro mana, dole ta ɗauki rabin sanda a kwance. Wani mai shago ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya yi wa haffaza jarrabawar ƙarshen shekara ba, ya tambaye ni ko za ta maimaita aji. A ƙarshe na sami wata fara. Keken da ƙamus suka tafi wajen biyan kuɗinta. Na sa mata ƙanƙara ran Alhamis, a lokacin da wuta ta fi zama a ɗauke, ran Lahadi na buɗe na tarar da saura kamar dunƙulen hannu.

Ga inda na kashe kaina. Mu an rene mu da cewa mai neman aure ba ya tsayawa ido da ido da uban yarinya, balle ya miƙa masa kyauta hannu da hannu, sai dai ya aika. Ubana ya rasu, kawunnaina suna Jazira, sai na tura abokina, malamin lissafi, wanda kwano ɗaya muke cin wake da shi kowace safiya a ɗakin malamai. Na zayyana masa sirrin kular kaf, har maganar tocila, don in an tambaya ya san abin faɗi. Na roƙe shi kada ya jefa sunana kamar dutse, ya jira lokacin da ya dace. Ya dafa ƙirji ya ce, Ustaz, in kwantar da hankalina, ya ɗauki abin tamkar nasa. A wannan kaɗai bai yi mini ƙarya ba.

Daga ranar na shiga kunyar suruki da gaske. In na hango dattijon sai in sauya hanya, a masallaci in koma sahun baya, in ya yi mini magana in sunkuyar da kai in amsa da kalma ɗaya. Ni a zatona ladabi nake zubawa. Shi kuwa, kamar yadda na ji daga baya, yana tambayar mutane me ya yi wa malamin nan da ya soma ji da kansa. Abokina kuma aka gayyace shi farauta don ya nuna yadda ake jera nama a kular. Ya dawo da cinyar barewa, ya ba ni tsoka, ya ce magana tana dahuwa, manya ba a yi musu gaggawa. Juma'a ta zo ya bi su ruwa. Wata bakwai ina cin kifin da yake kawo mini ina godiya.

Ranar da aka ɗaura aurensa da 'yar dattijon, ni aka sa rabon ruwan sanyi, saboda ni ne babban abokin ango. Daga cikin kulata nake ɗiba. Ina tsugune a gabanta dattijon ya zo da abokansa, ya buga murfin da sanda, yana faɗa musu cewa surukinsa mutum ne mai lura, kafin ya sayo ta har tocila ya kunna a ciki. Suka jinjina kai. Ɗaya ya ce in miƙo masa kofi, ni malam, kada in tsaya kallo.

Bayan kwana biyu na tare abokina a bayan aji. Bai musa ba. Ya ce ranar da ya kai ta dattijon ya rungume shi yana sa masa albarka, ya ga ba lokacin ambaton wani ba ne, kuma daga nan lokacin bai sake zuwa ba. Ya ce aure rabo ne. Sannan, da fuskarsa ta gaskiya, ya ce in ina so zai nemo mini wata kular. Na nemi a sauya mini makaranta zuwa unguwar Alsawra, ban sake cin wake da kowa a kwano ɗaya ba tsawon shekaru.

Ba kular nake wa kuka ba, ba ma ƙamus ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na yi wata biyu ina binciken inda haske ke tsiyaya a jikin akwati, ban yi minti biyu ina binciken mutumin da na ɗora wa rayuwata ba. Ina kira ga samari: kunya ado ce, amma a bari sai an san ka kafin ka soma ɓuya. In za ku aika, ku aiki wanda ya riga ya yi aure, ko tsoho, ku kuma sa a faɗi sunanku tun a zaure, da ƙarfi, sau biyu. Amana ba a ba da ita ga wanda yake jin irin ƙishirwarka.

Bara ƙanwata ta haɗu da matar abokin nawa a wajen wani suna, ta ambace ni, ta ce ni ne malamin da suke shiga mota ɗaya a da. Matar ta yi tunani, ta tambaya ko ni ne mai karɓar kuɗin mota.