Gorar Illo Mai Jan Murfi

"To ƙarshenta matar nan ta ci shari'ar?"

"Ta ci mana. Har manyan kamfanin suka miƙe tsaye suna ba ta haƙuri."

"Ai fim ne. Malam, ƙara mini sukari. A fim kaɗai alƙali ke tsayawa ya saurari mai kaushi."

"Mu ma muna da namu jarumin, ga shi can tahe."

"Wa, mai gora?"

"Ku rage murya, yana ji."

Yana ji kuwa. Illo Mahaman ya wuce teburin mai shayin da ke bakin tashar Madarumfa, ya yi musu sallama, suka amsa da ƙarfi fiye da yadda ake amsawa. Bai tsaya ba. Ya nufi hanyar garka, ko da yake tasa garkar ta bushe tun makonni uku da suka wuce.

Takardar shaidarsa ta ce an haife shi wajajen 1966. Shi dai abin da ya sani, yana rarrafe mahaifinsa da kawunsa suka haƙa rijiyoyi biyu a rani guda, ɗaya nan ɗaya can, darnin kara a tsakani. Ta mahaifin ta zama ta Illo. Ta kawun ta zama ta ɗansa Haruna, wanda ke taubashin Illo, kuma tun suna yara babu wanda ke kiran ɗan'uwansa da suna. Haruna ya ce "bawana", Illo ya ce "malalaci", haka ake yini ana jan guga.

Illo bai shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Sau ɗaya ya taɓa barin gari, ya tafi cin-rani Katsina, ya dawo bayan kwana arba'in don tunanin wa ke shayar da albasa ya hana shi sukuni. Tun daga nan salati, shu wato kabeji, tumatir da zogale su ne duniyarsa. Da su ya auri Ɗelu, da su ya aurar da ɗiyansu mata uku. An san shi da hali guda: ba ya zubar da komai. Gwangwanin tumatir ya zama ma'ajiyar iri, tsohon tib na tayar moto ya zama igiya. Ɗelu kan ce ranar da ta mutu a duba da kyau, kada Illo ya ajiye ta a rumbu ya ce za ta yi amfani gaba.

Shekara uku ke nan da motocin tanki suka fara zuwa. Wani kamfanin jimar fata ne daga birni ya kama tsohon ramin da aka ɗebi jar ƙasa lokacin aikin hanya, yake juye ruwan wankin fatunsa a ciki. Da rana tsaka suke zuwa, ba ɓoyo. Warin kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da damina ta yi ƙarfi ramin ya tumbatsa, ruwan ya bi ƙoramar da ta ratsa bayan garkoki goma sha biyu. Kafin a shiga noman rani, kwaɗin da ke rijiyar Illo sun taso sama, ciki a waje. Bakin ganyen salati ya dinga ƙonewa. Tafin hannunsa ya fara saɓa, tsakanin yatsun ƙafa ƙaiƙayi ba dare ba rana.

Ya je wajen mai gari, aka ce ya je ofishin magajin gari. Can aka ce ya zo da takarda. Mushe Inusa (Mushe ake kiran malamin boko a nan), tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya yake rubuta wa mutane wasiƙu a ƙofar gidansa, shi ya rubuta masa ƙarar kamfanin. Ya kuma ba shi shawara.

"Baki ba ya cin shari'a, Illo. Ka ɗebo ruwan rijiyar a kai Maradi a gwada. In takardar gwaji ta fito, ita za ta yi magana."

Washegari da safe Ɗelu ta miƙo masa gorar man gyaɗa da ta wanke. Ya juya ta, ya ga murfin ya tsage.

"Wannan kafin in kai Safo ma, balle Maradi, ta tsiyaye. Kuma abin da za a ajiye gaban hukuma ba a zuba shi cikin gorar mai."

Ya shiga bukkar garka ya ɗauko wadda ya fi ji da ita, farar gora mai kauri da jan murfi, mai roba a ciki, ko a kife aka ajiye ta ɗigo ba ya fita. Ta maganin feshin ƙwari ce da ya saya bara waccan. Kowane mai garka yana da irinta, wasu ma ciki suke zuba ruwan sha. Ya wanke ta da toka, ya wanke da yashi, ya ɗauraye sau uku, ya kankare takardar jikinta tas don ta yi kyan gani. Sannan ya cika ta da ruwan rijiyar mahaifinsa.

Sauran masu garka goma sha ɗaya babu wanda ya sa hannu a ƙarar. Haruna ne ya faɗa masa dalili ta kan darni.

"Bawana, kai ba ka da hankali ne? Ranar da aka ce ruwanmu da guba, matan Maradi da ke sarin salati sun koma garkokin Jirataua. Mi za mu ci, takarda?"

"Hannunka ma ya saɓe, malalaci. Ina gani."

"Ya saɓe. Ina shafa mai. Kai ma shafa ka yi shiru."

Shari'ar ta ci shekara biyu. Sau tara Illo yana hawa bayan kabu-kabu zuwa Maradi, sau shida a ce an ɗaga. Sansa, bijimin huɗa, ya tafi a hidimar gwaji da zirga-zirga. Takardar gwajin ta fito, Mushe Inusa ya karanta ta sau biyu, ya ce an samu sinadarin jima a ruwan, da yawa ma. Akwai wani layi a ƙasa da bai gane ba, ya ce tabbas na masu ilimin ne. Illo ya yanka zakara ranar.

Ranar sauraro ya sa farar rigarsa ta Idi. An ajiye gorar a kan tebur gaban alƙali. Lauyan kamfanin mutum ne mai sanyin murya, yana magana da Faransanci, tafinta yana juyawa.

"Ya ce, Baba, wa ya ɗebi ruwan nan?"

"Ni da hannuna."

"Ya ce wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni. Da matata."

"Ya ce gorar nan mai kyau ce, ina ka samo ta?"

Illo ya ji daɗin tambayar. Ya ce tasa ce, ya yi bayanin murfin, ya yi bayanin toka da yashi da ɗauraya uku. Lauyan ya bar shi ya gama. Sannan ya ɗaga gorar, ya nuna wa alƙali gindinta, inda aka zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikin robar, wurin da kankara ba ta kaiwa. Ya buɗe takardar gwajin, ya karanta layin nan na ƙasa. Maganin ƙwari ne aka samu a ruwan, tare da sinadarin jimar.

"Ya ce, mutumin da ya kankare takardar gora don kada a san ta guba ce, mi zai hana shi samo ruwan jima a wani wuri ya zuba? Ya ce wa ya san ma ko feshinka ne ya kashe maka rijiya?"

"Na kankare ne don ta yi tsabta, ranka ya daɗe."

Tafinta ya juya. Wani a bayan ɗakin ya yi dariya.

An kori ƙarar. Bayan kwana biyar ma'aikatan kiwon lafiya suka zo da takarda: tunda gwaji ya nuna guba a rijiyar, ko ma wa ya zuba ta, dole a cike rijiyar. Illo yana tsaye aka kawo amalanke huɗu na ƙasa. Ya roƙi a bar shi ya ciro gugansa, aka bar shi.

Abin da ya fi cin ransa bai zo daga kotu ba, daga gari ya zo. Aka fara cewa Illo ya zuba wa rijiyar ubansa magani don ya ci kuɗɗin kamfani. Masu faɗin haka sun san ƙarya ne, hannuwansu duka a saɓe suke, amma maganar ta yi musu daɗi domin ta wanke nasu ruwan. Ɗelu ta kai dafaffen zogale kasuwa, wanda ta saro daga wani gari can daban, ta dawo da shi ko cokali ba a saya ba. Mijin ɗiyarsu ta biyu ya daina aiko jikoki. A masallaci ana ba shi hannu, amma ya lura da masu goge tafi a riga bayan sun saki nasa. Motocin tanki kuwa suna nan suna zuwa, sai dai yanzu an kewaye ramin da waya.

Wata lauya a Maradi, Metir Safiya, ta ji labarin ta kira Mushe Inusa. Ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma hanya ɗaya ce. Ma'aikacin kotu mai hatimi zai zo da kwalbarsa sabuwa, ya ɗebi ruwa da kansa, gaban shaidu, daga wata rijiya da ke kan layin ƙoramar, kuma sai mai rijiyar ya yarda. Wa'adin wata guda ne. Illo ya bi garka goma ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce rijiyar ta yayansa ce, sai ya dawo daga Agadas. Wani ya ce shi ruwansa garau yake, yana faɗa yana sosa ƙafa. Wani da ya hango shi ma sai ya tada injin ban-ruwa don kada su ji juna. Saura kwana huɗu, saura rijiya ɗaya, ta Haruna.

Can ya nufa da safiyar nan da ya wuce masu shayi. Ya bi ta tasa garkar, ta kan fangalan shuka da suka tsattsage, ya kauce wa tudun ƙasar da ke inda rijiya take. Haruna yana duƙe yana cirar salati, ya naɗe hannayensa biyu da tsumma. Kwanduna uku sun cika, ana jiran motar Maradi.

"Bawana, ka zo taya ubangidanka aiki ne?" in ji Haruna, bai ɗago ba.

Haruna ya jira ramuwar Illo, da bai ji ta ba ya miƙe a hankali.

"Na san abin da ya kawo ka. Kada ka faɗa. Bakuna tara nake ciyarwa da rijiyar nan. In suka gwada suka samu, amalanke huɗu za su kawo mini, kamar kai."

"Za su kawo."

"To kuma?"

"Ba ni da abin da zan ce maka a kan wannan."

Iska ta juyo daga wajen ramin, warin ya rufe su. Dukansu biyu suka yi kamar ba su ji ba. Illo ya dafa darnin da iyayensu suka kafa, ya dubi tsumman da ke hannun taubashinsa, inda ruwa-ruwa ya ɓullo ta tsakanin yatsu. A karo na farko tun suna yara ya kira shi da sunansa.

"Haruna, ba ni da rijiya, ba ni da sa, sunana ma ya tahi. Don Allah, don darajar waɗanda suka haƙa ta, ka bari mutumin nan ya zo jibi ya ɗebi kwalba ɗaya."