Wutsiyar Ragon Kakata

Na cinye wutsiyar ragon layyar gidanmu, wannan ban taɓa musu ba. Amma ba cin ne wautar ba. Wautar ita ce da na tashi rufa wa kaina asiri, duk dabbobin da Allah ya zuba a ƙasar Gusau ban ga wanda zan ari wutsiyarsa ba sai bunsuru.

Abin ya faru shekarar da Nasara suka matso da aikin hanyar jirgi kusa da garinmu, layya kuma ta faɗo a farkon damina. A gidanmu in an yanka rago ba a taɓa wutsiya. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita ke yanke ta haɗe da ɗan naman gindinta, ta soya, ta barbaɗa gishiri, ta sa a 'yar tukunya ta rataye a ragaya saman murhu inda hayaƙi ke dukanta. Nan take zama wata guda cur, sai daren cika-ciki. Dokar daren nan kuwa ko jariri ya san ta: wanda bai ci ya ƙoshi ba, da yunwa zai ƙare shekara. Malamai sun sha faɗa cewa azumi ne asalin abin. Mutanen unguwarmu sukan manta da azumin, amma ban taɓa jin wanda ya manta da cin ba. Mutumin da ya shekara yana aron gari a maƙwabta, ran nan sai ka ga hayaƙin gidansa ya fi na kowa tsawo.

Ni dai dubiya na je yi. Damina ce, na ce kada abin tsohuwa ya yi funfuna ba wanda ya sani. Na ɗan gutsiri gefe guda don in ji ko gishiri ya kama. Sai na ga ta karkace. Washegari na gutsiri ɗaya gefen don ta daidaita, hannuna ya zarce. Haka na yi ta gyara wutsiyar nan kullum tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Kaka ke gyangyaɗi a gindin durumi, har ranar da na leƙa tukunya na tarar da ƙashi tas, wanda ko kare aka jefa wa sai ya ɗauka zagi ne.

Saura kwana huɗu cika-ciki. Na ruga kasuwa wajen abokina ɗan mahauta.

"Wutsiyar rago? Yanzu?" in ji shi. "Kai, ragunan garin ga duk sun riga mu gidan gaskiya tun ran layya. Bunsuru biyu muka yanka yau, na leburorin jirgi ne, su ba su tambaya."

"Ba ni wutsiyar."

"Ba ta kai ɗan yatsanka ba."

"To, ba ni duka biyun."

Muka haɗa su baki da baki da tsinken tsire, muka soya, muka kanga a hayaƙi, na kawo gida na goga musu kunkunniyar rufin madafa har suka yi baƙi ƙirin. Da na mayar cikin tukunya na ja da baya na duba, wallahi sai da na ji tausayin Gusau, da take da yaro mai basira irina ba ta sani ba.

Kowace shekara cika-ciki yakan kawo mana baƙo guda, ɗan kawun Kaka, wato taubashinta, wani tsoho dillalin tumaki daga Tsafe. Yakan taso tun ana gobe a kan jakinsa, ya zo ya ci wutsiyar, ya kushe miyar, Kaka ta zage shi tun daga rawani har takalmi, ya koma gida da murna. Fariyarsa guda ce a duniya: wai in ya kurɓi romo sau ɗaya zai faɗi garin da aka yi kiwon ragon. Ya sha faɗin haka a zaurenmu, hancinsa cike da garin taba har ya koma ja kamar ramin tururuwa.

Ran cika-ciki da la'asar Kaka ta sauke tukunya ta juye abin da ke ciki a tafasasshen ruwa. Ina bayan rumbu ina leƙe. Ba a jima ba warin ya tashi. Kajin gidanmu suka yi layi suka fice. Inna ta fito daga ɗaki da gefen zane a hanci. Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, ta haura katanga, ta zo ƙofar madafa ta tsaya tana kuka kamar wadda mijinta ya dawo daga fatauci.

"Maigidana," Kaka ta kira, da murya mai zaƙi. Haka take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, irin wasan kaka da jika. Amma duk ranar da muryar ta yi zaƙi haka, akwai magana.

"Ga ni, amarya."

"Ragon da ubanka ya yanka, gemu gare shi?"

"Ban lura ba."

"Ba ka lura ba. To wutsiyar tasa, guda nawa Allah ya ba shi?" Ta ɗago ludayi. Ga aikina a kwance, ruwan zafi ya wanke kunkunniyar, tsinke ya leƙo a tsakiya.

Na ce mai yiwuwa ɓera ne.

"Ɓeran da ya san hanyar mahauta," in ji ta. "Ji nan. Yau ba ka cin tuwo, ba ka shan fura, ko ruwan wankin akushi ba ka gani. Ka shekara kana hamma."

Damina ce fa, rumbu ya yi ƙasa, gero bai wuce gwiwa ba a gona, ga shi za a ɗaura mini yunwar wata goma sha biyu a kan wadda nake da ita. Na dubi Inna. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta roƙa mini. Ta kau da kai tana kallon akuya.

Sai ga kukan jaki a ƙofar gida, da muryar tsohon Tsafe yana tambaya ko tsohuwar gidan ga ta mutu ne ya zo gaisuwa. Kaka ta dubi ludayi, ta dubi zaure, na ga bakinta ya motsa.

"Tsaya," ta ce. "In tsohon banzan can ya ci ya yaba, ka ci har ka kasa tashi. In ya gane, ka ja mini abin gorin da zan mutu da shi, kai kuma ka kwana da cikinka kamar ganga. Miƙo mini daddawa."

Ban taɓa yi wa girki hidima kamar ran nan ba. Na daka citta, na daka masoro da kanumfari, na zuba barkonon da zai tada matacce. Kaka ta tura tsinken ciki ta ɗaure da zaren kaba, ta sake jefawa.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Ruwa ya ɗauke, gari ya cika da ƙamshin miya da ƙarar muciya. Daga dandali ana jin kalangu, samari kuma suna ɗaure dammunan kara na wasan wuta, waɗanda za su kunna su bi taubasansu da su a guje. Nawa damin na ɓoye shi tun sati guda a inda ruwa ba ya taɓawa. Baba na zaune, da maƙwabta uku da suka riga suka cika ciki a gidajensu suka zo neman inda za su danna. Kaka ta tsaya bakin ƙofa. Aka ajiye wa baƙo kaskonsa shi kaɗai.

Ya shaƙi taba, ya yi atishawa, ya kurɓi romo. Ya rufe ido. Ni kuwa duk addu'ar da na taɓa haddacewa sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi. "Amma wanga rago, awo. Na Fulanin Rawayya ne. Harawa ya ci, ba dusa ba. Shekara ukku."

"Ka tabbata?" in ji Kaka.

"Ke, ina cinikin tumaki tun kina yawo ba zane."

Ya kai loma. Ya tauna, ya tauna, sai ya tsaya. Ya sa yatsu biyu a baki ya zaro tsinke.

"Wannan fa, mi ne ne?"

"Na sakace ne," in ji Kaka, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Na ga haƙoran naka saura huɗu, na ce a kula da su."

Aka yi dariya. Ya yi sakacen kuwa, ya cinye wutsiya ɗaya, ya ɗauko ta biyu ya riƙe yana juyawa, ya ce wa maƙwabta su duba, irin wannan rago mai gajerun gaɓoɓi ba a samunsa sai wajen Rawayya. Ɗaya daga cikinsu ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya taɓa jin haka.

Nan Kaka ta kasa daurewa. Ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye, ta ba da labarin tun daga ragaya har akuyar maƙwabta, ta sa ni na tashi tsaye na nuna yadda muka soke tsinken. Maƙwabcin da ya taɓa jin haka ya tuna yana da uzuri a gida. Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Tsohon ya daɗe yana kallona. Sannan ya turo mini kaskon da ƙafa.

"Zo nan, ɗan nema. Tun da kai ne makiyayin, shanye romon ragonka. Ka bar ɗigo guda, in sa jakina ya zauna maka a ciki."

Na shanye. Kaka ta cika alkawari ta ɗora mini malmala uku da ƙwaryar fura, ta tsaya a kaina har na ga bayansu. Da samari suka zo wucewa da wutarsu suna kirana, na yunƙura sau biyu, cikina ya ƙi bin sauran jikina. Ina kwance a tabarma na ji taubashiyata tana shela a ƙofar gida wai tsoronta ya hana ni fita. Damin karan nawa da shi aka hura wutar koko da safe. Kwana uku ina gyatsar bunsuru, ko wankan gulbi da ake yi washegarin cika-ciki bai raba ni da warin ba, 'yan matan dandali kuwa har lokacin girbi in na doso sai su kama hanci su yi kukan akuya.

Gero ya yi kyau shekarar, ban kwana da yunwa ba. Tsohon Tsafe ya dawo cika-cikin da ya biyo, bai ƙara faɗin garin kowane rago ba. Wutsiyar layyar da ta biyo kuwa, tun ran yanka Kaka ta ba wani mai jaki ya kai ta Bungudu gidan gwaggona, can ta yi watanta.