Kai Amfilifayar Kaka Dutsin-Ma

Ɗantutture

Ƙarfe shida saura kwata muka fito daga gida, ni da kakana Malam Iro, a ranar Asabar. Kayanmu jita ce da tsohuwar amfilifaya, akwatin ƙara sauti mai aiki da kwalabe, wadda ya yi kiɗa da ita a ƙuruciya. Ta shekara ashirin ba a kunna ta ba. Tsohon abokin kiɗansa, Alhaji Bature mai gyaran rediyo a Dutsin-Ma, yana tara irinta. Sun yi alkawari: in ta yi magana, ta dawo gida, in ta mutu, ta zama ta Alhaji.

Kafin mu tashi, Kaka ya zare kwalabenta guda biyar, manya biyu da ƙanana uku masu kama da ƙwan fitila, don kada girgizar hanya ta fasa su. Ya jera su a faifan ƙwai, kowace bisa jerin da take a cikin akwatin.

"Riƙe, amaryata," ya ce. "Ki fasa ɗaya, in sake ki."

Babura biyu muka hau. Aka ɗaure akwatin a bayan Kaka, ni na rungume faifan.

Kurfi

Mun isa tasha bakwai saura minti goma, muka sha shayi da biredi. Direban mota ya dubi akwatin ya ce sai an biya masa kujera.

"Ya girme ka, yaro," in ji Kaka. "A ba shi gaba."

Gaban aka ba shi. Muka tashi takwas da kwata, tafiyar da ba ta wuce kilomita talatin ba.

A shingen bincike wani jami'i ya leƙo.

"Mi ke cikin nan, 'yammata?"

Na miƙa masa faifan. Ya ɗaga ƙananan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya duba su a rana, ya mayar. Kaka na can yana yi wa ɗayan jami'in bayanin jita. Na ga ba a mayar da su yadda suke ba, amma kunya ta hana ni magana.

Dutsin-Ma

Tara da 'yan mintuna muka sauka, Keke Napep ya kai mu shagon Alhaji Bature. Amfilifaya shida na ƙirga a kan kanta, kowace an lulluɓe ta da tsumma. Akwai gurbi ɗaya a ƙarshen layi, an share shi tsaf.

"Iro, ka kawo mini kayana?" in ji Alhaji.

"Na dai kawo ta ta gaishe ka."

Na ji Alhaji yana gaya wa wani mai jiran rediyo cewa ta zamani ana kunnawa take ihu, amma mai kwalba sai ta ɗumama, kuma in ka taɓa tsirkiya a hankali, a hankali take amsawa.

Ya busa ƙura, ya canja wasu ƙananan kaya da suka kumbura, ya mayar da kwalaben bisa jerin faifan. Ya haɗa ƙwan fitila a kan wayar wuta, wai don ta sha wutar sannu-sannu. Sha biyu da rabi ya kunna. Kwalaben suka yi ja kamar garwashi, warin tsohuwar ƙura ya tashi. Kaka ya taɓa jita, sai wani kuka mai huda kunne ya cika shagon. Sau uku ana gwadawa, haka.

"Ta gaji, Iro," in ji Alhaji, ba da dariya ba wannan karon.

Kaka ya ajiye jitar, ya shafa saman akwatin, ya dubi gurbin nan na kanta.

Na ce, "Kaka, ba nan ne wurinta ba."

"Wa?"

"Kwalbar farko. Mai ɗigon laka a wuya. Daga ƙarshen layi ka ciro ta, can nesa da ramin da ake soka wayar jita. A shinge aka juya su."

Alhaji ya kashe, ya jira suka huce, ya musanya ta da ta ƙarshe. Ya ce tsohuwar kwalba mai rawar ciki in ta zauna a farko, komai ta ji sai ta yi kuka. Aka sake kunnawa, muka jira. Shiru, sai ɗan gunji. Kaka ya ja tsirkiya ɗaya, sautin ya fito da kauri, ya daɗe bai mutu ba. Ya yi kiɗa har aka kira azahar, mai walda na maƙwabta ya kashe injinsa ya zo ya tsaya a ƙofa.

"Wannan matar taka ta cuce ni," in ji Alhaji. Duk da haka ya aika aka sayo mana shinkafa da wake.

Gida

Mun bar Dutsin-Ma uku da rabi, muka iso ana shirin magariba. Wannan karon sai da na ɗiga wa kowace kwalba lamba da birona kafin ta shiga faifan.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Bature da bai karɓi ladan gyara ba. Da muke fita na waiga, na gan shi yana ɗora butarsa a gurbin da ya share.