Burodin Jirgi

Duk wanda ya san layin 'yan atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ya san Idirisa Ɗan Jiratawa. Bai taɓa mallakar shago ba. Shi ne dai wanda alhazai ke aikawa ƙasar Sin ya sayo musu kaya, don yana da ido a kan yadi, kuma hannunsa ba ya ƙaiƙayi a kan abin mutane. Wani maigidansa ya taɓa biya masa Makka, amma ba a kiransa Alhaji sai in ana neman wani abu a wurinsa. Shekara goma sha takwas ya yi yana kai-komo: mota zuwa Yamai, jirgi zuwa Adis Ababa, wani jirgin zuwa Gwanzo. Ya san kujerar da ta fi jijjiga, ya san lokacin da ake turo shayi, har ma'aikatan jirgin sun gane hularsa.

A zamanin, in Idirisa ya dawo, kasuwa ta san ya dawo. A kewaye shi ana tambayar sanyi, ana tambayar ko da gaske suna cin abinci da tsinke. Shi kuwa ba ya doguwar hira ranar farko. Kabu-kabu yake tara ya wuce Jiratawa, wurin yayarsa Tahira.

Tahira ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ce kuma ta sayar da awakinta biyu ta sa shi a mota ranar da ya ce shi ba zai iya noma ba, birni za shi. Tun da mijinta ya rasu take riƙe da fegin zogale a gonakin ban-ruwa, ta tsinka, ta dafa, ta sayar. Ba ta taɓa wuce Katsina ba.

A tafiyarsa ta farko Idirisa ya ruɗe, bai sayo mata tsaraba ba. Da kunya ta kama shi a hanyar dawowa, sai ya ɗauke ɗan burodin da aka ba shi a jirgi, da ɗan man shanu mai kamar murfin kwalba, ya cusa a aljihu. Tahira ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta kira maƙwabta su zo su ga burodin da ya hau sama. Daga nan ya zama ƙa'ida. Ko ya kawo mata leshi, sai ta ce, "Ina burodina?" Wata rana da baki ya yi masa daɗi ya ce mata, "Yaya, in Allah ya yarda ke ma sai kin ci shi da zahinshi, can bisa." Ta yi dariya ta ce ya bar zolayar tsohuwa.

Ba zolaya yake yi ba. Kamfanin jirgin ya ba shi wani kati, aka yi masa bayani da Faransanci cewa kowace tafiya ana zuba masa maki, in ya taru a ba shi tikiti kyauta. Idirisa ya ji rabi, ya cike sauran da hankalin ɗan manomi. Wannan ai rumbu ne. A gidan mahaifinsu kuwa ba a buɗe rumbun bana sai an ga bayan na bara, kuma hatsin da ya shekara uku shi ne abin alfahari. Don haka ya ƙi taɓa ko ƙwaya. So yake ya tara na mutum biyu, shi da Tahira, zuwa Umra, a kujerun gaba inda ake miƙe ƙafa. Abokan tafiyarsa suna cin nasu, suna ce masa ya ci, shi yana musu kallon marasa tattali. Taurin kai irin na Idirisa, in ya kafe, ko jaki sai ya sara masa.

Sai kasuwa ta sauya. 'Ya'yan alhazai suka koyi duba kaya ta waya, su zaɓi zane suna zaune a kan kujera, kwantena ta iso. Gwiwoyin Idirisa ma suka fara ƙorafi. Aike ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Ya koma zaman benci a ƙofar gidansa a Sabon Gari, katin na nan cikin jakar fasfo, yana jin daɗi a ransa cewa ko ba komai rumbunsa cike yake. Wani lokaci ya fito da tsofaffin takardun shiga jirgi ya jera a tabarma, yana tuna wace shekara ce wannan, wane alhaji ne ya aike shi.

'Yarsa Hidaya, malamar makaranta, ita ce ta buɗe akwatin saƙon da aka taɓa yi masa a intanet, wanda bai taɓa leƙawa ba. Ta jima tana karantawa, sannan ta ɗago.

"Baba, makinka hwa ya mutu. Hiye da rabi."

"Ya mutu kamar ƙaƙa? Gara ta ci shi?"

"Sun ce wanda ya daɗe ba a taɓa ba, share shi sukai. Sun yi ta rubuto maka. Sauran ma ƙarshen watan ga za ya tahi."

Idirisa ya sa ta duba sauran. Abin da ya rage na mutum ɗaya ne, zuwa da dawowa, a kujerun baya. Kuma kujerun kyauta kaɗan ne, na kusa duk an kwashe. Hidaya ta yi ta lalube, ranar da ta samu zuwa Jidda sai bayan wata goma sha ɗaya.

Gaskiya ita ce, zuciyarsa ta raya masa wani abu. Makin zai kai shi Gwanzo sau ɗaya, ya sake yin Juma'a a tsohon masallacin garin, ya gaisa da mai shayin da ke ajiye masa kujera, ya yi ban kwana da garin da ya ci ƙuruciyarsa. Yana kewar wurin ƙwarai, ba ya ɓoyewa. Amma ya tuna alkawarin da ya yi wa Tahira. Da la'asar ya tari kabu-kabu zuwa Jiratawa.

Ya tarar da Tahira tana tsinkar zogale. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Wata goma sha ɗaya? Idi, kai ka ga takardar kwanana ne da za ka yanka mini rana? Ni ban yi ma Allah wanga shisshigi."

Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya ce haka tsarin yake. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗi: a rubuta in sha Allahu a jikin biyen, wato tikitin. Hidaya ta buga takardar, ta sa biro ta rubuta a sama da manyan baƙaƙe, Tahira ta naɗe ta sa a ƙasan akwati.

Watannin nan sun tsufar da Idirisa. Mutumin da ya shekara goma sha takwas yana cewa a jira, yanzu tari ɗaya in Tahira ta yi sai ya zabura. Da damina zazzaɓin sauro ya kwantar da ita kwana tara, ya zauna bakin gadon yana zagin kansa a zuci, yana lissafin shekarun da take da ƙarfi ya bari suka wuce. Da ta tashi, ya shiga koya mata tafiya. Ya ɗaura mata ɗankwali a ƙugu a matsayin bel ɗin kujerar jirgi, ya nuna mata yadda ake kulle ƙofar ban-ɗaki, ya ce in kunne ya toshe ta haɗiyi yawu. Ta ce ita da ta yi jinyarsa da aka yi masa kaciya, yau shi ke koya mata haɗiyar yawu.

Allah ya kai su. Wata maƙwabciyarsa, Hajiya Rahma, ta sayi tikiti a jirgi ɗaya, ita ta riƙe hannun Tahira. Idirisa ya raka su har Yamai. A ƙofar filin jirgi aka tsayar da shi, inda ake tsayar da 'yan rakiya, ƙofar da ya sha wucewa ko waiwaye babu. Ya hango yayarsa tana ɗingishi da sabon takalmi har ta ɓace. Ya yi kuka, bai damu da masu kallo ba.

Bayan mako biyu ta dawo Jiratawa, gida ya cika da masu karɓar zamzam da dabino. Sai da aka watse ta kira shi ɗaki, ta kwance bakin mayafinta. Ɗan burodi ne a leda, ya lotse, da ɗan man shanu a gefe.

"Na tahiya na ci da zahinshi, yadda kac ce," in ji ta. "Wanga na dawowa ne, naka."

"To, ƙaƙa kika ji shi, Yaya?"

"Ba ya da wani daɗi. Na bakin tasha ya hi shi nesa."

Idirisa ya saki baki. "Shekara goma sha takwas kina yabo nai!"

"To ba kai ka kawo shi ba?"

Ya karɓa da hannu biyu. Burodin ya bushe, sai da ta miƙo masa ruwa, amma ya cinye shi tas.